Wai fari da ambaliya ne ke haddasa yaƙi? Kuma wa ke karanta rahotannin masana?

Abu_Safwan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, yau na ce bari in kawo ta zaure. Da wuya shekara ta ƙare wata cibiyar bincike ba ta fitar da ƙaton rahoto ba kan yadda lalacewar muhalli ke barazana ga tsaro da cigaban al'umma: fari, ambaliya, ƙafewar tafkuna, gurɓacewar ruwan sha. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun watan Afrilun 2007 ya fara zama a kan sauyin yanayi, lokacin da Birtaniya ke jan ragamarsa. To tambayata biyu ce. Shin da gaske muhalli ne ke haddasa rikici, ko dai shugabanni ne suka samu wurin fakewa, duk abin da sakacinsu ya jawo sai su ce sauyin yanayi ne? Ta biyu, duk wannan tulin binciken, akwai ran mutum ɗaya da ya taɓa tsira ta dalilinsa? Don Allah masu ilimin abin a haska mana.

Injiniya_Ruwa:
Wa alaikumus salam. Kan tambayar farko, su kansu masanan ba su ce muhalli ne uban tafiya ba. Rahoton IPCC, wato kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2022 ya faɗa a fili cewa idan aka gwada shi da dalilan tattalin arziki da na zamantakewa, tasirin yanayi a kan rikici mai rauni ne. Kafin nan, a 2019, mujallar Nature ta buga wani aiki da aka zaunar da masana 11 masu saɓanin ra'ayi aka auna fahimtar kowannensu. Ƙiyasinsu shi ne yanayi ya taka rawa a kashi 3 zuwa 20 cikin ɗari na haɗarin rikicin makamai a ƙarnin da ya wuce. Abubuwan da suka sa a sahun gaba su ne ƙarancin cigaba, raunin gwamnati, fifita wani ɓangare na al'umma a kan wani, da kuma tarihin rikicin da bai daɗe da lafawa ba. Sai dai sun yi gargaɗin cewa in zafin duniya ya ci gaba da hauhawa, kason zai ƙaru sosai.

TsohonSoja:
Injiniya, ban musa maka ba, amma bari in faɗi abin da idona ya gani. Na yi aikin kiyaye zaman lafiya a wani yanki mai ƙarancin ruwa. Rijiyar burtsatse ɗaya ta rage tana aiki, ƙauyuka da yawa suka dogara a kanta. Tun kafin asuba za ka ga jarkoki a jere, kowace an ɗaura mata ƙyalle a hannu don mai ita ya gane ta, yara na barci a gefe suna gadin layi. Da farko na ɗauka ƙishirwa ce ke sa mutanen nan faɗa. Sai wani tsoho ya gaya mini ta bakin tafinta cewa sun ga farin da ya fi wannan, kuma ba a zubar da jini ba, domin dattawan ƙauyukan ne ke raba kwanaki: yau waɗannan, gobe waɗancan, dabbobi da yamma. Abin da ya canza shi ne dattawan nan wasu an kashe su, wasu sun gudu, samari masu bindiga suka tsaya a bakin famfon suna karɓar kuɗi. Fari ya tara mutane wuri guda, amma wanda ya riƙe famfon ne ya mai da wurin fagen daga. A 2007 wasu tsofaffin janar-janar na Amurka sun rubuta rahoto a cibiyar binciken tsaro ta CNA inda suka kira sauyin yanayi mai ruɓanya barazana. Ni a fahimtata iska ce da ke rura wutar da wani ya riga ya kunna.

Ummu_Hafsa:
To amma Tafkin Chadi fa? Ai kowa ya san ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari, masunta da manoma suka rasa abin yi, shi ya sa Boko Haram ta samu matasan da za ta ɗauka. Wannan ai ba ya buƙatar dogon bincike.

Mai_Nazari:
Hajiya Ummu_Hafsa, a nan ne ma binciken ya fi amfani, domin maganar da kika kawo rabinta ce gaskiya. Tabbas tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, sannan ya tsuke zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, bayan manyan fari biyu da suka afka wa Sahel. Amma ki lura, tayar da ƙayar bayan Boko Haram ta fara ne a 2009, sama da shekara 20 bayan wannan tsukewar. A 2019 cibiyar adelphi ta Jamus ta fitar da rahoto bayan ta haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da hirarraki da mutanen yankin, ta nuna cewa a shekarun baya-bayan nan tafkin ba ƙafewa yake yi ba. Abin da ke gallabar mutane shi ne rashin tabbas. Ba a san yaushe ruwan sama zai sauka ba, ba a san inda bakin tafkin zai tsaya a bana ba. A da mutum ɗaya yakan yi su, ya yi noma, ya yi kiwo, yana juyawa daidai da yadda shekara ta zo masa. Da yaƙi ya zo aka rufe iyakoki da kasuwanni, aka hana kamun kifi a wurare da dama, sai wannan dabarar juyawar ta mutu.

Ummu_Hafsa:
Ikon Allah. Ni kuwa ko a jawaban shugabanni kashi 90 ɗin nan nake ji. Na gode da gyara. To me ya sa ba a daina faɗa ba?

Mai_Nazari:
Saboda labarin yana da sauƙin faɗa, kuma maganin da yake nunawa babban aiki ne na maƙudan kuɗi. In matsalar ƙafewa ce, mafita ita ce a jawo ruwa daga kogunan yankin Kongo ta magudanar da za ta kai kilomita 2,400, wato shirin Transaqua da aka amince da shi a taron Abuja na 2018. In kuwa matsalar ita ce an daɗe da yin watsi da mutanen bakin tafkin, ba makaranta, ba asibiti, ba kotun da za ta raba gardamar gona, to yatsa ya koma kan gwamnatoci huɗun da ke kewaye da shi. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2349 na Maris 2017 ya ambaci sauyin yanayi a yankin, amma ya ambaci shugabanci da talauci ma. Mutane sai su tsinci ɗaya su bar sauran.

Abu_Safwan:
Abin da nake tsoro ke nan. Haka aka yi da Darfur. A 2007 Ban Ki-moon, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya rubuta a jaridar Washington Post cewa rikicin ya faro ne daga matsalar muhalli. Ban ce ƙarya ya yi ba, ruwan sama ya ragu a can. Amma ba fari ne ya raba wa mayaƙan sa-kai na Janjawid makamai ba, kuma ba fari Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta bayar da sammacin kamawa ba a 2009, Umar al-Bashir ne, shugaban Sudan na lokacin.

Sadauki_77:
Gaskiya ne.

Dattijon_Zaure:
'Ya'yana, ku bar ni in taɓa tambaya ta biyu, don ita na sani. Na yi shekara sama da 30 ina aikin gwamnati a sashen tsare-tsare kafin in yi ritaya. A bayan kujerata akwai kabad ɗin ƙarfe da muke tara rahotanni. Masu bincike za su zo, a yi taro a otal, a ɗauki hoto, a miƙa wa shugaba kwafi mai ƙyalli. Ranar da zan bar ofis na buɗe kabad ɗin, na tarar gara ta cinye na ƙasa, na sama kuma wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. A ciki har da wanda ya zana taswirar unguwannin da ruwa zai ci in aka ci gaba da gini a kan hanyarsa. Bayan wasu shekaru ruwan ya zo, ya bi layin nan da aka ja da jan alƙalami kamar shi ma ya karanta. Har yau abin yana damuna, domin ni ma ina cikin waɗanda ba su matsa ba. Lokacin rubuta kasafi ba wanda ke tambayar abin da rahoto ya ce, abin da ake tambaya shi ne wane aiki za a iya buɗewa kafin wa'adin shugaba ya ƙare.

Gimbiya22:
Allah ya ƙara girma Baba, faɗin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ba ofishinku kaɗai ba ne. Bankin Duniya da kansa ya binciki rahotanninsa a 2014, ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku ba a taɓa sauke su daga intanet ba ko sau ɗaya, kashi 87 cikin ɗari kuma ba wanda ya taɓa kafa hujja da su a wani rubutu.

Sadauki_77:
Ni abin da ya fi ƙona mini rai ba wanda ba a karanta ba ne, wanda aka karanta aka yi shiru ne. Ku dubi Somaliya. Tun watan Agustan 2010 masu sa ido kan yunwa irin su FEWS NET suke ta gargaɗi cewa damina za ta gaza. Ba a ayyana yunwa ba sai Yulin 2011, kuma sai a lokacin kuɗin agaji ya fara zuwa da gaske. Mutum kimanin 258,000 suka mutu, kusan rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Al-Shabab ta hana ƙungiyoyi shiga, dokokin yaƙi da ta'addanci na Amurka kuma sun sa ƙungiyoyin tsoron kada a ce kayansu ya faɗa hannun 'yan bindiga. Sannan ga Darna a Libiya. A 2022 wani masanin ruwa ɗan ƙasar, Abdelwanees Ashoor, ya wallafa cewa in ba a gyara madatsun ruwan da ke saman birnin ba, babbar ambaliya za ta zama bala'i. A Satumban 2023 guguwar Daniel ta zo, madatsun biyu suka fashe cikin dare, aka tabbatar da mutuwar sama da mutum 4,000, wasu dubbai har yau ba a gan su ba. Ƙasa mai gwamnati biyu, wa zai saurari malamin jami'a? Don haka Abu_Safwan, amsata ita ce binciken yana faɗin gaskiya, amma ba ya ceton kowa.

Injiniya_Ruwa:
Sadauki, a nan kam ban bi ka ba. Ka je Bangaladash. Guguwar Bhola ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Ta 1991 ta kashe kimanin 138,000. Guguwar Sidr ta 2007, wadda ita ma gagaruma ce, wajen 3,500. Ba guguwar ce ta yi laushi ba. An nazarci inda mutane ke mutuwa da dalilin da ya sa ba sa gudu, aka gina mafaka masu hawa a kan ginshiƙai waɗanda a sauran kwanaki makarantu ne, aka horar da dubun-dubatar 'yan sa-kai da ke zagaye ƙauyuka da lasifika da tutoci. Da aka gano mata sun fi mutuwa, sai aka shigar da mata cikin 'yan sa-kan. Ga rayukan da bincike ya ceta nan, ba ɗaya ba, dubbai. Kuma wannan misalin ya taɓa tambayar farko ma: a 1970 yankin yana ƙarƙashin Pakistan ne, kuma fushin da mutane suka yi kan yadda gwamnati ta yi sanyin jiki da agaji yana cikin abubuwan da suka ingiza yaƙin ɓallewa na 1971.

Sadauki_77:
Na karɓi wannan. Amma ka ga can an samu masu aiwatarwa. Takardar ita kaɗai ba ta gina mafaka.

Ɗalibar_Ilimi:
Iyayena da yayyena, ni ƙaramar cikinku ce, amma na taɓa yin aikin tattara bayanai wa wata ƙungiyar bincike, kuma akwai abin da ban manta ba. An ba mu tambayoyi a waya, ɗaya daga ciki ita ce: shin sauyin yanayi ya jawo rikici a yankinku, e ko a'a. Na yi wa wani dattijo makiyayi tambayar, ya ɗauki kara ya zana mini a ƙasa: nan burtali yake, nan mashaya, nan fadamar da suke sauka da rani. Ya goge burtalin da tafin hannunsa ya ce an mai da shi gona, ya ɗora dutse a kan fadamar ya ce wani mai hali ya kewaye ta da waya. Ya ce ruwan sama kam ya canza, amma da hanyar nan tana nan da sun wuce abinsu ba wanda ya taɓa wani. Ya yi kusan rabin sa'a yana bayani. Ni kuma gurbi biyu kawai ke gabana. Na kira shugabar tawagarmu, ta ce tunda ya ambaci ruwan sama in danna e. Na danna. Tun ranar duk alƙaluman da na gani a rahoto sai in tuna zanen nan na ƙasa.

Mai_Nazari:
Ƙanwata, kin taɓo babban ciwo. Wanda ya tsara tambayar yawanci bai taɓa taka wurin ba. Wani nazari da IPCC ta kafa hujja da shi ya nuna cewa daga 1990 zuwa 2020, kashi 3.8 cikin ɗari kacal na kuɗin binciken yanayi na duniya aka kashe kan Afirka. A cikin wannan ɗan kason ma, kashi 78 ya tafi cibiyoyin Turai da Arewacin Amurka, na Afirka suka samu 14.5. Akwai kuma wata matsalar da wani aiki na 2018 ya bankaɗo: masu binciken yanayi da rikici sun fi zuwa inda ake yaƙi. In kullum wurin da ya ƙone kake dubawa, ba za ka taɓa sanin dalilin da maƙwabcinsa bai ƙone ba alhali fari ɗaya suka sha.

Baƙon_Zaure:
Ni fa ban yarda da rage wa abin ƙarfi da kuke yi ba. Siriya ta sha fari mai tsanani daga 2006 zuwa wajen 2010, manoma suka cika birane, 2011 yaƙi ya ɓarke. Me ya rage kuma?

Gimbiya22:
Ɗan'uwa, wannan ma masana sun yi ta ja-in-ja a kai. Wani bincike na 2015 ya goyi bayan abin da ka faɗa, a 2017 masani Jan Selby da abokan aikinsa suka ƙalubalance shi, musamman kan yawan waɗanda aka ce farin ya kora. Sun nuna cewa a 2008 gwamnati ta janye tallafin man dizal, kuɗinsa ya ninka sama da sau uku, manomin da ke ban-ruwa da inji ya durƙushe a daidai lokacin da sama ta ƙi. Ba rage wa abin ƙarfi ake yi ba. In ba a gane ta wace ƙofa cutar ta shigo ba, ba za a san wadda za a toshe ba.

TsohonSoja:
Tunda an dawo kan tsaro, ni har yau ina jin takaicin abin da ya faru ranar 13 ga Disamban 2021. Nijar da Ayilan suka kawo ƙudurin da zai sa Kwamitin Sulhu ya riƙa duba haɗarin yanayi a ayyukansa, ƙasashe 113 suka mara masa baya, ƙasashe 12 cikin 15 na kwamitin suka amince. Rasha ta hau kujerar na-ƙi, Indiya ta ƙi, Sin ta ƙaurace. Mu da muka yi aikin a fili mun san amfanin a ce kwamanda yana da wanda zai gaya masa cewa wata biyu masu zuwa makiyaya za su sauko da wuri saboda mashaya ta ƙafe.

Ummu_Hafsa:
Yallaɓai, ka yi haƙuri, ni a nan ina da tsoro. Duk abin da aka sa wa sunan tsaro, soja ake turawa. Mutumin da gonarsa ta ƙone taimako yake buƙata, kada a wayi gari ana kallonsa a matsayin barazana. Ko maganar ƙaura ma haka ake yi da ita, ana kawo manyan alƙaluma don a tsorata mutane a rufe iyakoki.

Mai_Nazari:
Hajiya tana da hujja. A 2005 an yi hasashen cewa kafin 2010 za a samu mutum miliyan 50 da muhalli zai kora daga gidajensu, lokacin ya zo aka kasa nuna su, masu musun sauyin yanayi suka samu abin faɗa. Rahoton Bankin Duniya na 2021 ya ce miliyan 216 kafin 2050, miliyan 86 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Amma mutane ba sa karanta sharaɗin: wannan shi ne in abubuwa suka yi muni ƙwarai, kuma ƙaura ce a cikin ƙasa, daga ƙauye zuwa birni, ba tsallaka teku ba. Rahoton ya ce in aka ɗauki mataki adadin zai iya raguwa da kusan kashi 80. Wanda ya kamata ya firgita da wannan lissafin shi ne mai tsara birane da ruwan famfo, ba mai gadin iyaka ba.

Dattijon_Zaure:
'Yata Ɗalibar_Ilimi, zancenki ya hana ni sakat. Ina da tambaya. Da aka gama binciken, an koma an gaya wa mutanen abin da aka samo?

Ɗalibar_Ilimi:
A'a Baba. An fitar da shi da Turanci, shafi sama da 100, ni ma a intanet na gan shi. Dattijon nan ya karɓi lambata, ya kira ni sau biyu yana tambaya ko manyan sun ji maganar burtalin. Na farko na ce masa ana kan aiki. Na biyu na gaya masa gaskiya cewa ba ta shiga ba.

Abu_Safwan:
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Tambayata ta biyu Injiniya ya amsa mini da Bangaladash, ba zan sake cewa bincike bai ceci kowa ba. Ta farkon ce har yanzu ban natsu ba, don TsohonSoja da Ummu_Hafsa kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya. Injiniya, kai da ruwa ne fanninka, ana ta cewa yaƙe-yaƙen gaba a kan ruwa za a yi su. Yarjejeniyar rabon ruwan kogin Indus ta 1960 ta tsallake yaƙe-yaƙen Indiya da Pakistan na 1965 da 1971, amma a Afrilun 2025 Indiya ta ce ta jingine ta. Wannan a wane gefe za mu sa shi?

Injiniya_Ruwa:
Ka lura da abin da ya jawo jinginewar: harin da aka kai wa masu yawon buɗe ido a Kashmir ne, ba ƙarancin ruwa ba. Wato rikicin ne ya shiga kogin. Aaron Wolf na jami'ar jihar Oregon ya tattara abubuwa sama da 1,800 da suka faru tsakanin ƙasashe kan ruwa a rabin ƙarni, ya tarar yawancinsu haɗin kai ne. Tsakanin gwamnatoci ke nan fa. A ƙasa, tsakanin mai gona da mai garke, lissafin daban ne, kuma rikicin Senegal da Muritaniya na 1989 daga irin wannan ya taso a bakin kogi kafin ya kai ga korar dubban mutane. Zan kawo bayaninsa gobe in Allah ya kai mu, har da rawar da madatsun Diama da Manantali suka taka wajen sa ƙasar bakin kogin ta yi daraja.

Dattijon_Zaure:
Allah ya kai mu. 'Yata, in lambar dattijon nan tana wurinki har yanzu, ki sake kiransa ya maimaita miki zanen, ki ɗauke shi a takarda da sunayen wuraren yadda ya faɗe su. Akwai waɗanda na horar da ke kan kujerun yanzu, zan kai musu da hannuna.